Ɗariƙar da Ba Ta da Bishop: Wa Ke Raba Gardama a Cocin Baftis?

A shekarar 1888 wata rigima ta tashi a cocin Baftis na Legas, wadda da farko kamar ta albashi ce kawai. Faston cocin, Moses Ladejo Stone, Bayarabe ne, kuma abin da mishan ke biyansa ba ya isarsa, don haka yana ɗan taɓa kasuwanci a gefe. Baturen mishan ɗin, W. J. David, bai so haka ba. Da magana ta yi tsami, sai David ya yanke hukuncin rabuwa da shi, shi kaɗai, bai tuntuɓi jama'a ba. 'Yan coci suka ce ba su san zance ba. Hujjarsu kuwa daga bakin Turawan suka koye ta: a tsarin Baftis jama'ar ikilisiya ce ke kiran fasto, ita ce kuma ke sallamarsa. Mafi yawansu suka fice suka kafa nasu cocin, wanda daga baya aka sani da Ebenezer, kuma masana tarihi suna lissafa shi a matsayin coci na farko a Nijeriya da 'yan ƙasa suka kafa bayan ɓallewa daga hannun mishan.

Wanda ya saba da Katolika ko Angilika zai tambaya, ina bishop yake da har abin ya kai haka? Babu shi. A wannan ɗariƙa kowace ikilisiya gashin kanta take ci. Akwai babban taro na ƙasa, akwai shugabanni, akwai makarantun tauhidi, amma a ƙa'ida haɗin gwiwa ne na sa kai, kuma magana ta ƙarshe a kan fasto da kuɗi da horo tana hannun membobi a taron ikilisiya, inda ake ɗaga hannu a ƙirga. Wannan tsari shi ne ya sa gardama ba ta ƙarewa a gidan Baftis, kuma a ganina shi ne ya sa gardamar tasu ta cancanci a tsaya a saurara, domin a fili ake yin ta.

Asalin abin tsoho ne. A 1609 wasu Turawan Ingila da suka guje wa takurar cocin gwamnati suka taru a Amstadam ta ƙasar Holan ƙarƙashin John Smyth, suka yanke cewa baftisma ta wanda ya ba da gaskiya da bakinsa ce, jariri kuwa sai ya girma ya zaɓa da kansa. Abokinsa Thomas Helwys ya koma Landan, ya rubuta littafi a 1612 ya aika wa Sarki James na ɗaya, yana gaya masa cewa sarki ba shi da iko a kan abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Ya kuma ambaci Musulmi da Yahudawa cikin waɗanda bai halatta a hukunta su saboda addininsu ba, a zamanin da irin wannan magana ke kai mutum kurkuku. Can ɗin kuwa ta kai shi, kuma can ya mutu. Mutanen da suka fara da cewa sarki ma ba zai faɗa musu yadda za su yi ibada ba, da wuya jikokinsu su yi shiru don Baturen mishan ya yi magana.

Ga kuma wani dalili na gida. Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan na farko na Baftis a wannan ƙasa, ya sauka Badagiri a 1850, ya yi aiki a Ijaye da Ogbomosho, ya ma je Ilori da niyyar kutsawa arewa amma sarki bai ba shi wurin zama ba. Sai yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, kuɗi suka yanke, har aka yi shekaru babu Baturen mishan ko ɗaya. 'Yan ƙasa ne suka riƙe cocin kafin David ya iso a 1875. Wanda ya yi jinyar abu da hannunsa ba ya yarda a ce masa baƙo ne a cikinsa.

Cikin waɗanda suka fice a 1888 akwai wani malami mai suna David Brown Vincent, wanda ya ajiye sunan Turawa ya koma Mojola Agbebi, ya ajiye kwat ya koma agbada, har a tafiye-tafiyensa na Ingila da Amurka. Shi ne ya fito da tambayar da har yau ake juyawa: cikin kayan da mishan suka zo da su, wanne ne bishara, wanne ne kuma ɗabi'ar Bature kawai? Shi dai ya sa tufafin Turai da sunayensu da kayan kiɗansu da salon waƙoƙinsu a layin abubuwan da bangaskiya za ta rayu ko babu su. Da ɓangarorin suka sake haɗuwa a Ibadan a 1914, shi aka zaɓa shugaba na farko, kuma wannan haɗaka ce ta zama babban taron Baftis na Nijeriya a 1919.

Tambayar Agbebi tana da nauyi idan aka duba inda mishan ɗin suka fito. Ƙungiyar da ta turo Bowen, wato ta Baftis ɗin kudancin Amurka, an kafa ta a 1845 a garin Augusta na jihar Jojiya, bayan sun raba gari da 'yan'uwansu na arewa a kan ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Malamansu sun kare bauta da ayoyi, ba da wasa ba, suna ganin gaskiya suke karewa. Sai a 1995 ƙungiyar ta fito ta nemi gafara a hukumance. Shekara 150 ke nan kafin a amsa cewa al'adar gonakin auduga ce aka yi wa rawanin tauhidi.

Inda tambayar ta fi ciwo a Afirka shi ne auren mace fiye da ɗaya. A ɗauka magidanci ne mai mata biyu da 'ya'ya takwas, ya ji wa'azi, ya ba da gaskiya, ya zo neman baftisma. Me za a ce masa? Matsayin da aka gada daga mishan shi ne sai ya rage saura guda. In bai yi ba, zai iya zuwa sujada, ya ba da baiko, a gaishe shi da girmamawa, amma ba zai shiga ruwan baftisma ba, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, ba zai ɗaga hannu a taro ba. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da labarin halitta, inda namiji ɗaya da mace ɗaya ne, da koyarwar Yesu a kan aure, suna kuma tsoron in aka buɗe ƙofa kaɗan, membobin da ke ciki ma za su fara ƙaro amarya su ce ai an yarda.

Ɗaya ɓangaren kuma suna tambaya: matar da za a sallama, laifin me ta yi? Ina za ta da 'ya'yanta? Littafi Mai Tsarki ya yi kakkausar magana a kan saki, to ta yaya saki zai zama ƙofar shiga coci? Suna ƙara da cewa inda Manzo Bulus ya gindaya sharaɗin mace guda a wasiƙunsa zuwa ga Timoti da Titus, a kan shugabanni yake magana. In haka ne, sharaɗin ya hana mutum zama fasto ko dikin, amma bai kai ga hana shi baftisma ba. Ni dai hujjar nan ta biyu ta fi kama min hankali, ko don matar da ba a cika tambayar ra'ayinta ba alhali ita ce za ta kwashe kayanta. Amma tsoron na farkon ma ba na banza ba ne, kuma duk faston da ya zauna a ƙauye ya san haka.

Angilika sun bi ta tasu hanyar: taron bishop-bishop ɗinsu na Lambeth ya hana yi wa irin wannan magidanci baftisma a 1888, sannan a 1988 ya sassauta, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma ikilisiyar wurin ta amince. Su Baftis ba su da zauren da zai yi musu wannan rana ɗaya. Babban taro zai iya faɗin matsayinsa, amma mutumin da matansa a gaban fasto da dikinonin garinsu za su tsaya.

A arewacin Nijeriya al'adar da ake gardama a kanta ma ba ta Bature kaɗai ba ce. 'Yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa ne suka fara kafa cocin Baftis a garuruwa irin su Kaduna, Jos, Kano da Minna, da harshensu da salonsu. Da 'yan asalin yankin suka shigo, Hausa ta zama harshen wa'azi a ikilisiyoyi da yawa, ga makarantar horar da fastoci a Kawo ta Kaduna. Yau kuma matasa suna jan abin zuwa Turanci, dattawa da 'yan zumuntar mata suna riƙe da Hausa da kiɗan gida. Haka aka sha fama tun daga shekarun 1970, lokacin da ɗalibai suka dawo daga jami'o'i da addu'a da ƙarfi da magana da harsuna da kwanan coci, manya suka ce wannan ba halin Baftis ba ne. Yanzu da yawa daga abubuwan da aka tsawata a kansu sun zama ruwan dare a sujadar Lahadi, ba tare da wani ya tashi ya ce an canza koyarwa ba.

A Amurka kuwa wutar da ke ci yanzu ta fastoci mata ce. Tun 1964 wani coci a jihar Karolina ta Arewa ya naɗa Addie Davis, kuma ba wanda ya isa ya hana, tunda ikilisiya ce ke naɗi. A shekarar 2000 ƙungiyar kudu ta rubuta cikin bayanin bangaskiyarta cewa muƙamin fasto na maza ne. A 2023 ta cire cocin Saddleback na Kalifoniya, ɗaya daga cikin mafi girma a cikinta, wanda Rick Warren ya kafa, saboda yana da mata masu muƙamin fasto. Warren ya ɗaukaka ƙara a babban taron ƙungiyar a New Orleans, wakilai sama da 9,000 suka tabbatar da cirewar, waɗanda suka goyi bayansa ba su kai 1,300 ba. Iyakar hukuncin ke nan: an daina zumunci da su. Ginin nasu ne, asusun nasu ne, fastocinsu suna nan a kan aiki. Da aka so a sa haramcin cikin kundin tsarin ƙungiyar a 2024, kashi 61 cikin 100 suka yarda, alhali kashi biyu cikin uku ake bukata, sai ƙudurin ya faɗi. Da yawa daga waɗanda suka ƙi ba wai suna son a naɗa mata ba ne. Abin da suka ce shi ne bayanin bangaskiya ya wadatar, kuma ba sa son babban taro ya saba da leƙa cikin kowace ikilisiya yana duba wa aka kira fasto. An sake kawo ƙudurin a Dallas a 2025, ya sake gaza kai adadin.