Ko 'Yan Kallo Suna Da Ta Cewa A Sha'anin Ƙwallo?

Galibin mutane sun ɗauka aikin ɗan kallo a filin ƙwallon ƙafa bai wuce abu uku ba: ya biya kuɗin ƙofa, ya yi tafi in an ci, ya koma gida. Sha'anin kulob kuwa, watau wace gasa za a shiga, nawa za a sayar da tikiti, a wane gari za a zauna, wannan sai masu kulob da manajojinsu. To, a cikin 'yan shekarun nan an yi ta ja-in-ja a kan wannan ra'ayi a ƙasashen Turai, har maganar ta kai gaban Majalisar Dokokin Birtaniya. Tun da ya ke da yawa daga cikin malamanmu da akawunanmu suna bin labarin waɗannan kulob-kulob a rediyo da gidajen kallo, ya kamata mu bayyana musu yadda abin ya faru, da abin da ya haifar.

Gasar Da Ta Mutu Cikin Kwana Biyu

Ran Lahadi 18 ga Afril, 2021, da dare, kulob goma sha biyu daga cikin mafiya arziki a Turai suka ba da sanarwa cewa sun kafa wata sabuwar gasa tasu ta kansu, suka sa mata suna Super League. Shida na Ingila ne, watau Manchester United da Manchester City da Liverpool da Chelsea da Arsenal da Tottenham. Uku na Sifen, Real Madrid da Barcelona da Atletico Madrid. Uku na Italiya, Juventus da AC Milan da Inter Milan. Aka naɗa Florentino Perez, shugaban Real Madrid, ya shugabanci shirin. Bankin JP Morgan na Amurka ya yarda zai ba da kuɗin, aka yi alkawarin raba wa waɗanda suka kafa gasar Yuro miliyan 3,500.

Abin da ya ta da hankalin jama'a shi ne tsarin gasar. An shirya kulob 20 za su riƙa karawa, amma 15 daga cikinsu kujerarsu ta dindindin ce, ko sun ci ko an cinye su ba mai fitar da su. Gurabe biyar kaɗai aka bar wa sauran Turai duka su yi takara a kansu. Malamin makaranta zai gane wannan da sauri. Kamar a ce ne yara goma sha biyar a aji an rubuta musu sun ci jarrabawa tun ba a raba takardu ba, domin iyayensu masu hali ne. Alhali kuwa abin da ya ke sa ƙwallon Turai armashi shi ne ƙaramin kulob yana iya hawa, babba yana iya faɗuwa.

Ba a shawarci magoya baya ba ko kaɗan. Hatta Jurgen Klopp, wanda ya ke horar da 'yan wasan Liverpool a lokacin, ya ce ba a yi shawara da shi ko da 'yan wasansa ba. Ga shi kuma filayen wasa a rufe su ke saboda annobar korona, don haka 'yan kallo ba su da wurin faɗin ra'ayinsu sai bakin titi. Ran Talata 20 ga wata magoya bayan Chelsea suka yi cincirindo a ƙofar filinsu na Stamford Bridge a birnin Landan, suka tare motar 'yan wasa, har tsohon mai tsaron gidansu, Petr Cech, ya fito yana roƙonsu su ba da hanya. Kafin gari ya waye kulob shidan nan na Ingila duk sun janye. Kashegari mai Liverpool, John Henry, ya fito ya nemi gafarar magoya baya. Gaskiya ne gwamnatin Birtaniya da hukumar ƙwallon Turai su ma sun yi tsaye a kan maganar, amma kukan 'yan kallo shi ya ba su ƙarfin gwiwa. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Yadda Jamusawa Su Ke Yi

Mai karatu zai lura babu kulob ko ɗaya na Jamus a cikin sha biyun nan. Bayern Munich da Borussia Dortmund sun ƙi shiga. Wannan yana da asali. A shekarar 1998 hukumar ƙwallon Jamus ta yarda kulob ya kafa kamfani don ya sami masu zuba kuɗi, amma da sharaɗi guda: tilas ƙungiyar membobi, watau talakawan da su ke biyan kuɗin shekara, ita za ta riƙe rinjayen ƙuri'a, rabi da ɗoriyar ɗaya. Shi ya sa a ke kiran dokar 50+1. An keɓe Bayer Leverkusen da Wolfsburg, gama tun asali kulob ne na ma'aikatan kamfani. A Bayern, alal misali, membobi sun haura 300,000, ƙungiyarsu kuma ita ta ke da kashi 75 cikin ɗari na kamfanin, sauran yana hannun Adidas da Audi da Allianz. Shugaban da ya san zai tsaya gaban membobi a taron shekara ba ya gaggawar sa hannu a takardar da za ta fusata su.

Duk da haka ko a Jamus akan so a bi ta bayan 'yan kallo. A watan Disamba na 2023 kulob 24 daga cikin 36 na manyan azuzuwa biyu suka yarda a sayar wa wani kamfanin zuba jari wani kaso na kuɗin da a ke samu daga talabijin har shekara ashirin. Ƙuri'ar a asirce aka jefa ta. Magoya baya suka ce ba su yarda ba. Ba su doki kowa ba, ba su ƙone kome ba. Sai suka riƙa jefa ƙwallayen tanis da alewa mai siffar kuɗi cikin fili, alƙalin wasa ya tsai da wasa a tsince, a koma, su sake jefawa. Mako bayan mako haka a ke yi, har ran 21 ga Fabrairu, 2024, hukumar gasar ta ce ta fasa cinikin.

Waɗanda Aka Ɗauke Wa Kulob

Akwai kuma labarin Wimbledon, wata unguwa a kudancin Landan. Kulob ɗinsu ƙarami ne, amma ya taɓa ɗaukar Kofin FA a 1988, da ya ci Liverpool ɗaya da nema. A watan Mayu na 2002 wani kwamiti na mutum uku ya ba masu kulob izinin su ƙaura da shi zuwa garin Milton Keynes, tafiyar fiye da mil hamsin. Magoya baya suka yi kuka, ba a saurare su ba. Sai suka taru suka kafa nasu, AFC Wimbledon, kowane memba ƙuri'a ɗaya. Suka fara daga aji na tara na ƙwallon Ingila, inda a ke wasa a ƙananan filaye. Cikin shekara tara, a 2011, suka kai aji na huɗu, inda kulob-kulob na sana'a su ke. A 2020 suka buɗe sabon fili a titin Plough Lane, daf da inda tsohon filinsu ya ke. Masu kuɗi sun tafi da 'yan wasa da takardun rajista, amma jama'ar da su ke sa kulob ya zama kulob ba su bi su ba.

In An Bi Ta Ɓarawo

Amma fa in an bi ta ɓarawo sai a bi ta mabi sawu. Ba kullum taron jama'a ya ke da gaskiya ba, ba kuma kullum ya ke bin hanyar kirki ba. Ran 2 ga Mayu, 2021, waɗansu magoya bayan Manchester United masu fushi da iyalin Glazer, masu kulob ɗin, suka kutsa cikin filin Old Trafford, aka ji wa 'yan sanda rauni, aka ɗage wasansu da Liverpool. Ƙorafinsu yana da tushe, amma kutsen ya ba masu son a toshe bakin 'yan kallo hujja.

Haka nan ƙuri'a ita kaɗai ba ta isa ba. Real Madrid da Barcelona na membobi ne, su su ke zaɓen shugaba, amma ga shi su biyun da Juventus su suka fi daɗewa suna riƙe da shirin Super League. A Barcelona mai neman kujera yakan yi alkawarin sayo shahararrun 'yan wasa don ya sami ƙuri'a, membobi su yi murna, ba mai tambayar inda kuɗin zai fito. A watan Agusta na 2021 shugabansu, Joan Laporta, ya bayyana cewa bashin da ya ke kan kulob ɗin ya kai Yuro miliyan 1,350, a watan ne kuma suka rabu da Lionel Messi domin ba su da halin riƙe shi. Membobin da ba su duba littafin kuɗi ba, suna da hannu a wannan asara.

Magana Ta Zama Doka

Bayan rikicin Afril gwamnatin Birtaniya ta naɗa 'yar majalisa Tracey Crouch, tsohuwar ministar wasanni, ta saurari magoya baya. Ta miƙa rahotonta a watan Nuwamba na 2021, a watan Yuli na 2025 kuma aka zartar da doka wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta don lura da kulob-kulob na manyan azuzuwa biyar na Ingila. Dokar ta wajabta wa kulob ya riƙa shawartar magoya bayansa, ta hana shi canja tambarinsa ko launin rigarsa ta gida sai sun yarda, ta kuma ba hukumar ikon haramta shiga gasa irin Super League. Watau abin da a da a ke nema da ihu a bakin ƙofa, yanzu an ba shi kujera a cikin zaure.

To, jama'a, mu a nan yawancin manyan kulob ɗinmu, irin su Kano Pillars da Katsina United da Plateau United, na gwamnatocin jihohi ne, ɗan kallo ba shi da ƙuri'a a cikinsu. Amma akwai ƙananan kulob na gari da na unguwa da na makaranta, waɗanda sau da yawa malami ko akawu ne sakatarensu. A nan za a iya fara gwadawa. A buɗe littafin rajistar magoya baya, a sa ɗan kuɗin shekara wanda talaka zai iya biya. A kira taro sau ɗaya a shekara, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. A ba magoya baya kujera ɗaya a kwamiti, su zaɓi mai zama a kanta da kansu. Wanda ya zo da zagi ko jifa a hana shi shiga, wanda ya zo da ƙorafi a rubuta a ba shi amsa. Shawara ɗaukar ɗaki ce, kulob ɗin da ya yi haka kuwa zai sami masu kama masa ranar da kuɗi suka yanke.