Idan Haƙoran Ƙasa Suka Sha Gaban Na Sama

Yaro mai lafiyar baki, idan ya haɗe haƙoransa, na sama ne ke ɗan rufe na ƙasa. Wasu yaran kuwa na ƙasan ne ke gaba, haɓa ta turo waje, gatsar nama ko rake ta zama aiki.

Galibi gado ne. Gidan sarautar Habsburg na Turai ya yi suna da irin wannan haɓa, har Sarki Charles na Biyu na Sifaniya, wanda ya mutu a 1700, tauna ke ba shi wahala. Ko dai muƙamuƙin sama ya yi jinkirin girma, ko na ƙasa ya wuce ƙima.

Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka na shawartar iyaye su kai yaro a duba shi kafin ya wuce shekara 7, kuma shawarar ta dace, domin ƙashin fuska bai gama haɗewa ba a wannan lokaci. Idan an gano matsalar, likita kan maƙala wani ƙarfe a ganɗa ya buɗa muƙamuƙin sama, sannan yaron ya riƙa sa wata na'ura mai dafa goshi da haɓa, robobinta suna janyo muƙamuƙin sama zuwa gaba a hankali. Likita Jean Delaire na Faransa ne ya yaɗa ta. Ana sa ta awa 12 zuwa 14 kullum, yawanci da yamma da lokacin barci, tsawon watanni. Nan ne haƙurin iyaye ke shigowa, don yaro na gajiya da ita.

Wani lokaci muƙamuƙin ƙasa kan sake turowa a shekarun balaga. Idan abin ya yi tsanani, sai a jira girma ya tsaya, wajen shekara 18, a yi tiyata.