BAƘI SUN RINJAYI 'YAN GARI A BIRNIN BENIS

A arewa maso gabashin ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni da a ke kira Benis, wanda aka gina bisa tsibirai 118 a bakin teku. Mota iyakarta ƙofar gari. A cikinsa magudanan ruwa su ne tituna, kwale-kwale shi ne abin hawa, gadoji fiye da 400 kuma su ke haɗa unguwa da unguwa. Saboda wannan abin mamaki mutane su ke ɗunguma daga ko'ina cikin duniya don su kashe kwarkwatar idonsu. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma raɓar Benis ba ta bushewa, don kafin ayarin yau ya tashi na gobe ya sauka.

A shekarar 1951 mazauna tsohon birnin sun kai wajen mutum 175,000. A 2022 ba su cika 50,000 ba. Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin ƙidayar jama'a ya san abin da wannan ke nufi: a cikin kowane mutum goma, bakwai sun ragu. Ba za mu ɗora wa baƙi laifin duka ba. Gidajen tsofaffi ne masu laima, gyaransu da tsada, ga ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966 wadda ta shiga ɗakunan ƙasa, ga kuma aikin ma'aikatu da gidaje masu araha a tudu, wajen Margera da Mestre. Amma abin da ke korar waɗanda su ka saura, ya kuma hana yaransu zama, shi ne sha'anin haya.

Ga yadda abin ya ke. Mai gida ya ga in ya ba baƙi ɗakunansa kwana-kwana, ta hanyar kamfanoni irin su Airbnb, zai sami fiye da abin da magidanci zai biya shi a wata. Sai ya sallami magidancin. In magidanta su ka tashi, mai burodi da tela da mai nama sun rasa masu ciniki, sai kantinsu ya koma na sayar da tsaraba. Yara su ragu a makaranta, tsofaffi su rasa maƙwabcin da zai leƙo su. Mafi yawan baƙin kuwa 'yan wuni ne, su zo da safe su cushe lungu da jiragen fito da ma'aikata ke shiga, da maraice su tafi su bar shara, wadda sai da amalanke da jirgin ruwa a ke kwashe ta.

Hukuma ba ta zauna haka kawai ba. Bayan wani ƙaton jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya daki gaɓa a Yunin 2019, Gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin tun daga Agustan 2021. Ran 25 ga Afrilu 2024 kuma aka fara karɓar Yuro 5 daga hannun 'yan wuni a ranakun cunkoso, kwana 29 a shekarar, aka tara fiye da Yuro miliyan 2. A ganinmu wanda ya iya biyan kuɗin jirgin sama daga Amurka ko Sin, Yuro 5 ba za su mai da shi gida ba. Mutanen garin ma waɗansu sun fito zanga-zanga a ranar farko, su na cewa gidajen zama su ke bukata, ba a mai da garinsu wurin kallo mai tikiti ba.

Kusa da gadar Riyalto akwai wani kantin magani da ya kafa allo a tagarsa tun 2008, ya na nuna yawan mazaunan da su ka rage. A 2023 aka kafa wani allon a wani kantin littattafai, shi kuma ya na ƙirga gadajen kwanan baƙi. Cikin watan Satumba na wannan shekara lissafin gadajen baƙi ya wuce na 'yan gari.