Daga Shuni Zuwa Maganin Taifot

A kantunan magani na Mararaba, bakin Abuja, jama'a kan sayi Ciprofloxacin saboda zazzaɓin taifot, amma kaɗan ne suka san tushen danginsa. A 1826 wani Bajamushe, Otto Unverdorben, ya fitar da sinadarin anilin daga shuni, irin na marinan Kano. Da masana suka ɗora wa anilin sinadarin fulorin, sai ya zama tubalin da aka gina Norfloxacin, magabacin Ciprofloxacin, a Japan cikin shekarun 1970. Fulorin ɗin nan ke taimaka wa magani kutsawa cikin ƙwayar cuta. To, amma shansa barkatai, ba gwajin asibiti, shi ke sa ƙwayoyin su saba da shi, har ya daina cinsu.