Buhu mai riɓi uku: yadda masu bincike suka ci ƙarfin ƙwaron wake



Duk wanda ya taɓa noman wake ya san wannan baƙin ciki. Ka yi roro da kaka, ka casa, ka sheƙe, ka zuba a buhu. Bayan wata uku ko huɗu ka kwance bakin buhun, sai gari ya tashi, ƙwari su watse. Kowace ƙwaya da hudarta. Mai saye ya duba ya karya kuɗi. Uwargida ta dafa, yara su ture kwano. Tsoron haka ne ke sa da yawa daga cikinmu su kai wake kasuwa tun da kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, sannan su koma sayensa da tsada in bazara ta yi.

Sau da yawa in muna rangadi cikin ƙauyuka, akan tambaye mu: "Wai waɗannan masu bincike da ake faɗi a rediyo, mene ne aikinsu?" Tambaya ce mai kyau. Ma'aikatar binciken noma ta ƙasarmu, wato INRAN, an kafa ta tun 1975, kuma tana da babbar tasha a Tarna, kusa da Maraɗi. Amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da ake yi a ciki. Bari mu amsa da labarin buhun wake, domin shi kowa ya gan shi da idonsa a kasuwa.

Aikin farko shi ne sanin abokin gaba. Masana, har da malaman Jami'ar Yamai, sun daɗe suna nazarin wannan ƙwaro. Sun gano cewa ba a cikin rumbu yake farawa ba. Tun daga gona yake biyo wake. Macen takan liƙa ƙwai a jikin kwasfa ko a jikin ƙwaya. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsa ta huda ta shige ciki, ta zauna tana ci tana girma, ba mai ganinta. Cikin wata guda ko ƙasa da haka, sai ta fito ta ƴar ƙofa a matsayin ƙwaro mai fiffike. Kowace mace kuma tana iya zuba ƙwai da dama, hamsin ko fiye. Ku yi lissafi da kanku: in kowane wata aka sami sabon zubi, ina wake zai kai bazara?

Kakanninmu ba su zauna hannu rabbana ba. Suna cakuɗa wake da habɗi, ko da rairai, ko da tonka da ganyen bedi. Wasu suna toshe shi cikin tulu ko tano. A shekarar 1987, wani malamin ilimin ƙwari na Jami'ar Purdue ta ƙasar Amurka, mai suna Larry Murdock, ya shiga aiki tare da masu bincike na Marwa, a arewacin Kamaru. Ba su raina dubarun manoma ba. Sun ɗauke su ɗaya bayan ɗaya suka auna. Nan aka tabbatar cewa habɗi yana aiki in an zuba shi daidai da yawan wake. Aka tabbatar cewa zafin rana yana kashe ƙwaron in an shanya wake bisa baƙar leda aka rufe da fara. Nan kuma aka fara gwada zuba wake cikin leda riɓi uku, a ɗaure tam.

To, yaya mai bincike yake tabbatar da magana? Ba da rantsuwa ba ne, ba kuma da yawan shekaru ba. Wake iri ɗaya yake samowa, ya raba shi kashi-kashi. Wannan kashi a sa masa habɗi, wancan rairai, wancan magani, wancan leda. Kashi ɗaya kuma a bar shi haka nan, ba a yi masa komi, domin shi ne shaida. Kowace dubara sai an maimaita ta sau da yawa, kada sa'a ta ruɗi mutum. Bayan watanni a buɗe, a ɗebi ƙwaya ɗari daga kowane kashi, a ƙirga masu huda, a ƙirga ƙwari masu rai da matattu, a auna nauyi, a shuka a ga nawa za su tsira. Kome a rubuce. Irin wannan aiki ne Ibrahim Baoua da abokan aikinsa suka yi a INRAN ta Maraɗi, kuma aka buga sakamakonsa a 2012 domin masanan duniya su duba, su musa in suna da abin musu.

Buhun da muka sani yau da sunan PICS ya fito ne a 2007, cikin wani shiri da ya haɗa ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhun saƙa a waje wanda ke ɗaukar wahalar dako. Kaurin ledar ma ba da ka aka zaɓe shi ba, sai da aka gwada.

Ga inda labarin ya fi ba mu sha'awa. Kowa ya ga ƙwari suna mutuwa cikin buhun, kowa kuma ya ce rashin iska ne ya shaƙe su. Masu bincike ba su tsaya nan ba. Iskar da muke shaƙa tana da wani sashe mai raya jiki, wanda masana ke kira oksijan. Shi ne kashi 21 cikin 100 na iska. Da aka auna cikin buhu, sai aka ga ƙwarin da kansu ne suke shanye shi cikin ƴan kwanaki. In ya yi ƙasa, tsutsa ta daina ci, ta daina girma. Amma me ke kashe ta? Ƙishirwa! Busasshen wake ba ya da ruwan da zai ishe ta. Jikinta ne ke samar mata da yawancin ruwanta daga abincin da ta ci, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da oksijan. In babu shi, sai ta bushe a cikin ɗakinta. Murdock da Baoua da abokansu ne suka bayyana wannan, shi ma a 2012.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da ko shaƙewa ce ko ƙishirwa? Da ruwansa ƙwarai. Wanda ya gane cewa ƙwaro da bakinsa yake cinye iskarsa, ba sai an yi masa dogon gargaɗi ba. Ya san ƴar huda kamar ta allura tana iya ɓata aiki. Saboda haka kafin ya zuba wake zai hura iska cikin kowace leda, ya matse, ya ji ko tana shuri. Zai zuba wake busasshe, wanda aka tsince masa itace da tsakuwa. Zai matse iskar da ta rage a sama, ya murɗe bakin leda ta farko, ya lanƙwasa, ya ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Zai aza shi bisa itace, cikin inuwa, nesa da bango da ɓera. Ba zai riƙa buɗewa kullum don ɗibar na tukunya ba, domin kowace buɗewa shayar da ƙwaro ce. Na ci sai a ware shi dabam cikin bido.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda a ganinmu ta fi ta kuɗi nauyi. Wasu suna barbaɗa wa wake garin maganin da aka yi don gona. Wasu suna jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu, su ajiye a ɗakin da yara ke kwana. Iskar da ke fita daga wannan ƙwaya guba ce mai kisa, ga ƙwaro da mutum baki ɗaya. Buhu mai riɓi uku ba ya bukatar magani ko kaɗan. Wanda ya ƙara masa magani ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma saka iyalinsa cikin haɗari a banza.

Da aka zo kai buhun ƙauyuka, ba a ce wa manoma su yarda da baki ba. A gaban jama'a ake zuba waken mutanen gari, a ɗaure. Bayan watanni a sake tara jama'a, a kwance, kowa ya sa hannu ya duba. Gani ya kori ji. Daga baya an gwada shi ga masara da dawa da gyaɗa, har da ƴaƴan yakuwa da mata ke yin daddawa da su, ya kuma yi aiki.

Ba mu ce buhun ba ya da aibi ba. Ya fi buhun kasuwa tsada, kuma ba kowace kasuwar ƙauye ake samunsa ba lokacin da ake bukata. Ɓera ba ya jin kunyarsa. Akwai kuma ledoji marasa kauri da ake sayarwa da sunansa. Amma wanda ya kula da nasa zai iya amfani da shi kaka biyu ko uku. In ledar ciki ta sami ƴar huda, a liƙe ta da salatif. In hudar ta yi yawa, a mai da buhun na zuba abin da ƙwaro bai damu da shi ba, a nemi sabo tun kafin roro.