Asalin Gundumar Kas, Mafakar Bayi a Ƙasar Amurka

A kudu maso yammacin Jihar Mishigan ta Amurka akwai wata gundumar manoma da ake ce da ita Kas. Tun fil'azal ƙasar Indiyawan Amurka ce, ƙabilar Potawatomi. Turawa sun fara sauka cikin 1825, aka kafa gundumar cikin 1829, aka sa mata sunan Gwamnan Mishigan na zamanin, Lewis Cass. Bayan yarjejeniyar Shikago ta 1833 aka tashi Indiyawa zuwa yamma, amma wani shugabansu, Leopold Pokagon, ya sayi ƙasa, ya zauna da jama'arsa.

To, abin da ya fitar da sunan wurin shi ne zancen bayi. Akwai wasu Kirista da ake kira Kweka, waɗanda suka ƙi jinin bauta, sukan ɓoye bayin da suka tsero daga Kudu. Cikin Agusta 1847 sai ga masu bayi daga Kentaki, suka faɗa wa gonaki da dare, suka kama mutum tara. Kafin su juya, mutanen ƙauye, fari da baƙi, suka tare musu hanya, suka iza ƙeyarsu zuwa kotu a Kasopolis. Alƙali ya ce takardunsu ba su cika ba, ya saki kamammun, aka tsallakar da su Kanada.

Irin wannan ya fusata mutanen Kudu, har Majalisa ta tsananta dokar kama gudajjun bayi cikin 1850. Sai 1865 aka hana bauta ɗungum. Har wa yau akwai zuriyar baƙar fatan nan a gundumar.