Inda Ake Koyar da Wasa Kamar Karatu

A wata ƙaramar cibiya a unguwar Mabera, cikin birnin Sakkwato, darasin safe ba alli ba allo. Tabarma ce a shimfiɗe, da motocin gwangwani, da 'yan tsana, da wayar hannu guda. Ɗaliban yara ne masu galahanga, larurar da kan hana yaro haɗa ido da mutane ko shiga cikin sa'o'insa. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da ita.

Yawancin yara da kallo suke tsintar langa da 'yar gala-gala a ƙofar gida. Masu galahanga kuwa sai an gutsura musu wasan kaɗan-kaɗan. Malama takan ɗauki bidiyon da bai kai minti ɗaya ba: yara biyu a gindin bango, ɗaya ya turo mota ya ce "Ungo," ɗayan ya tare ya mayar. Ba kiɗa, ba hayaniya. Yaro ya kalla sau biyu ko uku, sai a kife wayar, a ajiye masa irin motar da ya gani, a zaunar da aboki a gabansa. In ya turo, a yaba masa nan take.

Amfanin bidiyo shi ne ba ya sauyawa, ba ya gajiya, ba ya tsare yaro da ido. A shekarar 2000, binciken Marjorie Charlop-Christy da abokan aikinta a Amurka ya nuna cewa yawancin yaran da suka gwada sun fi saurin koyo daga bidiyo fiye da nunin ido da ido.

Da azahar iyaye mata kan taru a inuwa, rana na dukan kwano. Wasu sun daɗe suna neman maganin iska kafin likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na asibitin Kware su faɗa musu sunan larurar. Malama takan tura musu bidiyon ta WhatsApp da gargaɗi ɗaya: "Hajiya, don Allah kada a bar shi da waya. Ya gama kallo, a kira yayyensa su yi tare."

Gaskiyarta ce. A wurin wasa yaro ke koyon jiran layi, da haƙuri, da karɓa da bayarwa. Duk gidan da ke da waya da yara biyu zai iya fara wannan aiki tun yau.